Yadda A Ke Gane Ƙwari Da Kwaɗi A Daji

A ƙasashe da yawa na Afirka akwai dazuzzukan da hukuma ta keɓe domin namun daji, ta hana farauta a cikinsu. Irinsu ne Yankari a jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, da gandun dajin W na jamhuriyar Nijar. Mutane su kan zo tun daga Ingila da Amurka, su biya kuɗi mai yawa, a sa su a mota a yi ta zagayawa da su don su ga giwa da ɓauna da gwanki. To, giwa ba ta da wuyar ganewa, ko yaron goye ya gan ta sau ɗaya ba zai manta ba. Masu wuyar ganewa su ne ƙananan halittun da motar ta ke wucewa ta kansu, watau ƙwari da kwaɗi. Masana sun ba ƙwari wajen iri miliyan ɗaya suna, kwaɗi da danginsu kuwa sun haura iri 8,000.

Mu dai ba sai mun je Yankari ba. Motar da ta tashi daga Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta biyo ta Birnin Kebbi zuwa Kalgo da farkon damina, ta kan ratsa tudu da gonakin gero, sa'an nan ta kusanci fadamar shinkafa ta Gulbin Kebbi. Duk inda ta tsaya a wannan hanya, in kun sauka kun sunkuya, za ku ga abin kallo. Ba kuwa don kallo kaɗai ya kamata ku san su ba. A cikinsu akwai mai kawo zazzaɓi, akwai mai cinye gero, akwai kuma mai cinye waɗannan biyun. Wanda bai iya bambanta su ba ya kan kashe mai taimakonsa, ya bar mai cutarsa.

Abu na farko shi ne ƙirga ƙafafu. Mu Hausawa duk ɗan abin da ke rarrafe mu kan ce masa ƙwaro, amma masana sun fi mu tsantseni. A wurinsu ƙwaro na sosai ƙafarsa shida ce, jikinsa kuma kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. A kansa akwai waɗansu gasu biyu masu kama da ƙaho, da su ya ke sansana, da su ya ke laluben hanya. Ƙafafu da fikafikai duka a ƙirji su ke. In kun ƙirga kun sami takwas, to, wannan dangin gizo-gizo ne, da kunama da kaska. Har ɗan jan abin nan mai laushi kamar karammiski, wanda ya ke fitowa bayan ruwan farko yara suna tsinta, shi ma ƙafarsa takwas ce. In kuwa ƙafafun sun fi ƙarfin ƙirga, sai ku duba da kyau. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, jikinsa a baje, yana da sauri, yana kuma cizo. Ƙadandoniya tana da ƙafa huɗu a yawancin gaɓoɓinta, tafiyarta a hankali, in an taɓa ta sai ta naɗe. Ba ta cizo.

Bayan ƙafa sai fiffike. Ƙuda da sauro biyu gare su, zuma da rina da zanzaro huɗu. Buzuzu da danginsa suna da huɗu su ma, amma biyun sama sun taurare sun zama kamar ƙoƙo, sun rufe na tashi.

Bari mu fara da sauro, gama shi ne mafi ƙanƙanta cikin waɗanda za mu ambata, shi ne kuma mafi ɓarna. Ba kowane sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba. Mai kawo shi sunansa anofilis, kuma macen ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ta yi ƙwai. Namijin ruwan furanni ya ke sha, ana gane shi da gashin kansa mai yawa kamar buroshi. A 1897 ne wani likita Bature, Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya yanka cikin sauro ya ga ƙwayar cutar a ciki. Kafin wannan lokaci mutane da yawa suna zaton iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi.

Yaya za ku gane anofilis? Ku duba zamansa a jikin bango. Ya kan kafa kai ƙasa, ya ɗaga gindi sama, jikinsa a miƙe kamar an soka tsinke a karkace. Sauron kwata kuwa, mai yawan kuka a kunne, ya kan zauna da ɗan doro, cikinsa daidai da bango. Har 'ya'yansu ma sun bambanta. Ku leƙa ruwan da ya kwanta. In kun ga 'yan tsutsotsi kwance a miƙe daf da fuskar ruwa, na anofilis ne. In kun ga suna reto, kai ƙasa wutsiya sama, na ɗayan ne. Anofilis bai cika son ruwan ƙazanta ba. Ya fi son ɗan ruwan sama da rana ke duka, irin wanda ya ke taruwa a sawun shanu, da ramin da aka haƙa ƙasar gini, da gefen gonar shinkafa. Cikin kwana goma, ko ƙasa da haka in ana zafi, ƙwai ya kan zama sauro mai tashi.

Wannan magana ta shafe mu fiye da kowa. A binciken da aka yi a Nijeriya a 2021 an gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a kowace jiha, aka tarar kashi 49 cikin 100 na yaran jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar. Ba jihar da ta kai haka. Shi ya sa da aka fara yi wa yara allurar rigakafinta a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Yaron da ya iya gane tsutsar anofilis ya kuwa cike ramin da ta ke ciki da ƙasa, ya yi wa ƙannensa aikin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Da dare kuma a shiga gidan sauro.

Mu koma tudu, cikin gonakin geron Gwandu. Nan fara ce sarauniya. Ana gane ta da manyan cinyoyin baya na tsalle, da gajerun ƙahoni. Gyare ma yana da irin cinyoyin, amma nasa ƙahonin dogaye ne sirara kamar zare. Wani abin mamaki, kunnen fara a gefen cikinta ya ke, na gyare kuwa a ƙafafunsa na gaba.

Fari iri-iri ne, kowane yaro ya san babe, ya san kuma farar tumfafiya mai rawaya da zane-zane, wadda ba a ci. Ganyen tumfafiya ta ke ci, dafinsa ya taru a jikinta, launinta kuwa sanarwa ce ga tsuntsaye su yi nesa. Ku riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi: ƙaramar halittar da ta yi ado mai ƙyalli, ta zauna a fili ba ta ɓuya, galibi tana da abin da ta dogara da shi. Haka hangara ta ke, ƙwaron nan mai cin furen gero da na wake. In ta sauka a wuyanku kada ku murje ta, sai ku hure ta, gama ruwan jikinta ya kan tayar da bororo a fata.

Wadda manoma su ke tsoro ita ce farar hamada. Labarinta yana da ban mamaki. A 1921 wani masani ɗan ƙasar Rasha da ke aiki a London, Boris Uvarov, ya bayyana cewa waɗansu fari biyu da a ke zato iri dabam-dabam ne, ashe iri ɗaya ce mai sake kama. Farar hamada ma haka ta ke yi. In tana zaune ita kaɗai, launinta na ƙasa ne ko na ciyawa, ba ta son taro, ba ta kuma damun kowa. Amma in ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, daga baya ciyawa ta bushe suka matsu a wuri ɗaya suna gogar juna, sai halinsu ya juya. 'Ya'yan da ba su yi fiffike ba, watau ɗango, su zama baƙi da rawaya, su riƙa tafiya tare kamar runduna. In sun yi fiffike su yi ja-ja, in sun balaga su koma rawaya. Kowace ɗaya ta kan ci kimanin nauyin jikinta a yini, wajen giram 2. Kaɗan ne, amma ku tuna garke ɗaya ya kan ƙunshi miliyoyi. A 2004 sun afka wa Nijar da Mali da Muritaniya da Senegal, suka bar manoma da yawa ba abin kai wa rumbu. Saboda haka in kun ga ɗango baƙi da rawaya sun yi cincirindo suna tafiya fuska ɗaya, wannan ba abin wasa ba ne. Ku gaya wa manya a sanar da malamin gona tun ba su yi fiffike ba, don a lokacin ne a ke iya maganinsu.

A bakin hanya za ku ga suri, wani ya fi mutum tsawo. Mutane da yawa suna ɗaukar gara 'yar'uwar tururuwa ce. Ba haka ba ne, ta fi kusa da kyankyaso. Tururuwa da cinnaka suna da siririn ƙugu, ƙahoninsu a lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Gara ba ta da ƙugu, ƙahoninta a miƙe. Shingen da ke fitowa bayan ruwa yana rufe fitila, shi ne garar da za ta kafa sabon gida, fikafikansa huɗu duk tsawonsu ɗaya. Can ƙarƙashin suri sarauniya ta ke, ta kumbura ta kai tsawon yatsa ko fiye, ba ta iya tafiya, aikinta zuba dubban ƙwai kowace rana. Gara tana cin azara da littafi, wannan gaskiya ne. Amma a yankin Tawa ta Nijar manoma su kan haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, waɗanda su ke kira tassa, su zuba taki don gara ta zo. Hanyoyin da ta huda su ne ruwan sama ya ke bi ya shiga ƙasa, har gero ya tsiro inda dā ba ya yi.

Buzuzu kuwa ba mai ganinsa ya rasa gane shi, ga shi nan yana tura dunƙulen kashi da ƙafafun baya, kai a ƙasa. Yara su kan yi masa dariya, ni ban ga abin dariya ba. Binne kashin ya ke yi don 'ya'yansa, ta haka ƙasa ta sami taki, ƙuda ya rasa wurin ƙwai. Mutanen Ostareliya sai da suka aiko Afirka aka kwasar musu buzuzu, tun daga shekarun 1960, domin kashin shanu ya rufe musu makiyaya. A 2013 kuma masana suka nuna cewa wani irinsa na Afirka ta Kudu da hasken taurari ya ke daidaita hanyarsa da dare. Ƙoƙi-ƙoƙi, mai kai kamar kusurwa uku da hannuwa a naɗe, ita ma ku bar ta, ƙwari ta ke kamawa.

Yanzu mun iso fadamar Kalgo. A kan ruwa za ku ga mazari yana shawagi, mai dogon ciki da manyan idanu da fikafikai huɗu kamar gilashi. Sauro da ƙananan ƙudaje ya ke cafkewa a sama, 'ya'yansa kuma a cikin ruwa su ke, suna cin tsutsar sauro. A kan ganyen shinkafa ku nemi wani ɗan ƙuda mai jan ciki, wanda idanunsa ke kan waɗansu dogayen sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kyakkyawa ne, amma tsutsarsa ta kan shiga karan shinkafa ta kashe zuciyarsa.

Sai kwaɗi. Masana suna kiran danginsu amfibiya, kalma ce ta Girkanci, ma'anarta mai rayuwa biyu, domin su kan fara a ruwa su ƙare a tudu. Kada ku haɗa su da ƙadangare. Ƙadangare yana da ɓawo a fata, ƙwansa a tudu ya ke. Kwaɗo fatarsa tsirara ce, ƙwansa kuwa ba shi da ɓawo, sai wani abu mai yauƙi. Daga ƙwan talibambam ke fitowa, mai kai da wutsiya kaɗai, yana numfashi a ruwa kamar kifi. Sannu a hankali ƙafafun baya su fito, sa'an nan na gaba, wutsiya ta shige jiki, ya hau tudu. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata ya ke tsotsa, ta nan kuma ya ke yin wani sashe na numfashinsa. Wannan ne ya sa maganin feshi ya ke saurin kashe shi. Wanda ya wanke tankin feshi a kududdufi ya hallaka masu gadin gonarsa da hannunsa.

Kwaɗon da kuka fi sani shi ne na gida, mai zuwa gindin randa da ƙarƙashin fitila. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, tsallensa kaɗan-kaɗan. Bayan kowane ido akwai wani dogon kumburi, nan dafinsa ya ke. Karen da ya cafke shi ya kan saki yana zubar da kumfa. Taɓa shi ba ya sa ƙuraje, sai dai a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. Ƙwansa ma ya bambanta da na sauran, a jere ya ke cikin dogon zare kamar carbi. Ku zauna ku dube shi wata rana da dare. Harshensa a gaban baki ya ke manne, ya kan wurga shi ya ɗauke ƙwaro kafin ƙiftawar ido, in zai haɗiye kuma sai ya runtse idanu, gama su ke taya shi tura abinci. Ban san dalilin da ya sa yara su ke jifansa ba, alhali kuwa bai ci geron kowa ba.

Burduddugi na ruwa ne. Jikinsa da santsi, cinyoyinsa manya, yatsun ƙafafun baya haɗe da fata kamar na agwagwa, idanunsa a bisa kai, don ya nutse ya bar su kaɗai a waje. Shi a ke kamawa a busar, a kai kasuwannin kudancin Nijeriya. Cinikin yana kawo kuɗi, amma in aka kwashe manya tun ba su yi ƙwai ba, baɗi tafkin shiru zai yi. A ƙididdigar da masana suka fitar a 2023, kimanin kashi 41 cikin 100 na irin kwaɗin duniya da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa.

Sau da yawa a kan ce kwaɗi daga sama su ke faɗowa tare da ruwa, don an kwana ba ko ɗaya, an wayi gari sun cika ko'ina. Ba daga sama su ke ba, daga ƙasa su ke. Akwai wani ƙaton kwaɗo mai faɗin baki wanda, in ruwa ya janye, ya kan haƙa rami da ƙafafun baya ya shige. Can sai ya yi ta saɓa, saɓar tana taruwa a jikinsa har ta zama kamar jaka, ta hana shi bushewa. Haka zai kwanta duk rani, sai ruwa ya jiƙa ƙasa ya farka. Shi wannan ku yi hankali da shi, yana da abu kamar haƙora a leɓen ƙasa, yana kuwa cizo. Wani ɗan ƙarami kuma, da bai wuce kan babban yatsa ba, mai faifai a kan yatsunsa don manne wa ganye, dabararsa dabam ce. A kan ciyawa ya ke zama cikin rana tsaka, ya matse ƙafafu, fatarsa ta koma fari fat don ta mayar da zafi. A rijiyoyi da tafkuna akwai wani mai jiki a baje, wanda ba ya fitowa tudu sai dole, ba shi da harshe, yatsu uku na kowace ƙafar baya suna da baƙaƙen farata. In kuwa kun ɗaga dutse ko gungume kuka ga wani mai jan baya da baƙin gefe, yana tafiya a hankali maimakon tsalle, ku tuna da farar tumfafiya. Ruwan fatarsa yana da zafi a ciwo da ido. Ya kan yi rani a cikin gidan manyan tururuwa masu harbi, ba kuwa su taɓa shi.

Masu binciken kwaɗi sun fi dogara ga kunne bisa ido, domin kowane iri da kukansa, kuma mazan ne ke yi don kiran mata. Na gida kukansa kamar minshari ne mai tsawo, burduddugi nasa gurnani ne mai kauri, 'yan ƙananan nan na kan ganye kuwa kamar ana buga ƙaramin ƙarfe. In an yi ruwa da yamma, ku tsaya nesa kaɗan da kududdufi bayan magariba, ku rufe ido ku ƙirga muryoyi nawa ne dabam-dabam. Sa'an nan ku bi ɗaya da tocila har ku ga mai ita, ku rubuta a littafinku ranar, da wurin, da launinsa, da irin fatarsa da yatsunsa. Kada ku je sai da babba, ku sa takalmi, ku riƙa haska gabanku kafin ku taka, gama macizai ma sun san kukan kwaɗo, su kan zo farauta a bakin ruwa.